Gudawa Ta Tsaya, Fitsari Bai Zo Ba: Yadda Ciwon Ciki Ke Taɓa Ƙoda

Idan amai da gudawa suka shiga gida, lissafi ɗaya kowa ke yi: sau nawa ya zaga, sau nawa ya yi amai, ya riƙe kokon da aka ba shi ko ya dawo da shi. Ranar da zagawar ta tsaya sai a yi hamdala, a ce sauƙi ya samu. Da wuya ka ji wanda ya tambayi yaushe rabon mara lafiyar da fitsari. Ba magana ce da ake yi a tsakar gida ba. Ɗa ba zai iya yi wa mahaifinsa ita ba, balle suruka ta yi wa uwar mijinta. Amma a asibiti ita ce tambayar da likita ya fi buƙatar a amsa masa daidai, domin da yawa daga cikin waɗanda kwalara ko gurɓataccen abinci ya kwantar, ba a lokacin gudawar suke rasuwa ba. Bayan ta lafa ne ake gano ƙodarsu ta tsaya tun kwanaki, ba wanda ya lura.

Ƙoda biyu gare mu, kowacce nauyinta wajen giram 150 ne kawai, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugowa a kowane minti wurinsu yake zuwa. A cikin kowacce akwai ƙananan matatu kimanin miliyan ɗaya. A yini da kwana suna tace ruwan jini da ya kai lita 180, su mayar wa jiki kusan dukansa, su fitar da lita ɗaya da rabi ko makamancin haka a matsayin fitsari. A cikin wannan ɗan fitsarin ne dattin jini ke fita, kuma ta nan ne ake daidaita gishirin jiki da sinadarin fotasiyam da tsamin jini. Duk wannan aiki da ƙarfin jinin da ke shigowa ake yin sa. Idan jinin ya ragu, aikin ya ragu.

To, rage jinin nan shi ne ainihin ɓarnar amai da gudawa. Ƙwayar cutar kwalara ba ta ma shiga cikin jini. A hanji take zama, ta saki dafin da ke sa bangon hanjin ya riƙa kwararo da ruwa da gishiri ba ƙaƙƙautawa, shi ya sa bahayar ke fitowa fara tsululu kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Idan ta yi tsanani, babban mutum na iya zubar da lita guda a cikin awa ɗaya, alhali jinin jikinsa gaba ɗaya bai fi lita biyar ba. Da jiki ya ga haka sai ya matse hanyoyin jinin da ke zuwa fata da hanji da ƙoda, ya karkata abin da ya rage zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya. Ita kuma ƙoda sai ta shiga tattali: ta riƙe duk ɗigon ruwan da za ta iya riƙewa, fitsari ya yi kaɗan, ya yi ja, ya yi ƙarfin wari.

A wannan matakin ƙodar ba ta lalace ba tukuna, ƙishi ne ke damunta. Duk mai noman rani ya san yadda tumatir ke yi idan injin ban-ruwa ya tsaya yini guda: ganye ya yi yaushi, amma da an ba shi ruwa da yamma, kafin safiya ya miƙe. Idan kuwa aka bar shi kwanaki, ko kogi aka juyo masa ba zai tashi a ranar ba. Haka ƙoda take. Idan aka mayar wa jiki ruwansa da wuri, cikin kwana ɗaya zuwa uku take komawa aikinta. Idan aka yi jinkiri, ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe siraran bututun cikinta sai su fara mutuwa, su saɓule, su toshe bututun. Daga nan ƙarin ruwa ba ya sake kawo fitsari. Sai an jira sababbi sun tsiro, abin da kan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, wani lokaci ma fiye, kuma a tsawon wannan jiran dattin jini taruwa yake yi.

Alamun da ake gani, da waɗanda ba a gani

Likitocin ƙoda suna da ma'auni mai sauƙi: idan fitsarin mutum ya gaza rabin mililita a kan kowane kilo na nauyinsa a cikin awa ɗaya, har tsawon awa shida, ƙodar ta fara jin jiki. Ga mai kilo 60, wannan na nufin ƙasa da mililita 180 a awa shida, wato wajen rabin kwalbar lemo. Ba sai da na'ura ake gane wannan ba. Mai jinya zai iya samun robar ruwa da aka shanye, ya yanke bakinta, ya ajiye wa mara lafiya ya riƙa yi a ciki, ana duba yawansa da launinsa, ana lura da lokaci: daga asuba zuwa azahar nawa ya taru, daga azahar zuwa isha nawa. Ga jariri kuwa, kunzugu ne shaida. Uwar da ta taɓa shi ta ji shi a bushe tun safe har rana ta take, ga yaro yana kuka ba hawaye, idanu sun faɗa, maɗiga ta loma, ta kama fatar cikinsa da yatsu biyu ta saki ta ga ta tsaya a tattare ba ta koma nan take ba, to kada ta jira maigida ya dawo daga kasuwa.

Idan ƙodar ta riga ta tsaya, sai kamannin ciwon su juye. Mutumin da jiya yake a bushe, yau fuska ta kumbura, ƙafafu sun yi nauyi. Amai ya dawo ba tare da gudawa ba, shaƙuwa ta ƙi tsayawa, numfashi ya yi zurfi, ga barci mai nauyi ko sambatu. Wanda ya fi haɗari kuma ba ya nuna alama: fotasiyam, wanda gudawar ta zubar da shi har ya yi ƙasa a farko, yanzu ya taru ya yi yawa, kuma yawansa na iya tsayar da zuciya farat ɗaya. Akwai ma waɗanda ƙodarsu ke samun rauni alhali suna ta fitsari. Waɗannan gwajin jini ne kaɗai ke tona su, gwajin da ake auna kiriyatinin da yuriya da gishirin jini. Duk wanda gudawa ta kai shi ga kwanciya a asibiti, ya dace a yi masa shi.

Maganin matakin farko tsohon sani ne. A 1831, lokacin da kwalara ta shiga Ingila, wani matashin likita mai suna William O'Shaughnessy ya auna jinin masu cutar ya nuna ruwa da gishiri ne suka tsiyaye daga cikinsa. A shekarar da ta biyo baya Thomas Latta, a garin Leith na Sikotilan, ya ɗura ruwan gishiri a jijiyar marasa lafiyar da aka riga aka fid da rai da su, wasu suka farfaɗo. Sai a 1971 aka ga abin da ya fi amfanar talaka. A sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash da ke Bangaon a Indiya, ruwan jijiya ya ƙare wa Dokta Dilip Mahalanabis, sai ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a manyan durom, dangi suna bai wa marasa lafiyarsu da kofi. Mace-macen da ke wajen kashi 30 cikin ɗari suka sauko ƙasa da kashi 4. Sirrin shi ne, ko a tsakiyar kwalara, hanji bai rasa ƙofar da yake shigar da sukari tare da gishiri ba, ruwa kuma yana bin su a baya.

Wannan shi ne ORS da ake sayarwa a kowane kemis. Ƙunshi ɗaya na lita guda a ruwan leda biyu ake zuba shi, a riƙa sha kaɗan-kaɗan bayan kowace zagawa. Idan an yi amai a dakata minti goma, a ci gaba da cokali. Wanda ya kwana ya yini a zubar a dama sabo. Inda babu ƙunshin, a sa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, a cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. Yaro a haɗa masa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, kuma kada a janye masa nono. Lemon kwalba ba ya maye gurbin wannan, zaƙinsa ma ƙara gudawar yake yi. Akwai kuma wata fahimta da har yanzu ake ji a gidaje, wai a hana mai gudawa ruwa domin cikin ya tsaya. Wannan kai tsaye ƙoda ake yanka wa.

Idan mutum ya galabaita har ba ya iya sha, sai ƙarin ruwa ta jijiya, kuma a nan ma akwai kuskuren da ya zama ruwan dare. Za ka ji an ce, "Ai an sa masa leda biyu a kemis." Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga wanda ruwan jikinsa ya ƙare sosai ita ce mililita 100 a kan kowane kilo, cikin awa uku ga babba. Ga mai kilo 60 lita shida ke nan, leda 12 masu rabin lita. Leda biyu da aka rataya a ƙusa suna ɗiga a hankali har dare kwantar da hankalin dangi kawai suke yi, ƙodar tana nan cikin ƙishinta. A ɗaya gefen kuma, idan ƙodar ta riga ta rufe aka ci gaba da ɗura ruwa ba lissafi, huhu zai tafi, mutum ya kama haki. Shi ya sa aikin yake buƙatar wanda zai auna abin da ya shiga da abin da ya fita, ya saurari ƙirji, ya san lokacin tsayawa.

Magungunan da ke ƙara wa ƙoda nauyi

Abin da ya fi ci mini rai a wannan lamari shi ne yawancin ƙarin ɓarnar da hannunmu muke sayo ta. Mai gudawa jikinsa ciwo yake yi, ƙafafu suna ɗaurewa, sai a aika yaro kemis ya karɓo "na ciwon jiki". Abin da ake ƙullo masa galibi diclofenac ne ko ibuprofen ko piroxicam, wani lokaci biyu a haɗe. Lokacin da jini ya yi ƙaranci, ƙoda tana fitar da wani sinadari da ke buɗe mata 'yar hanyar jinin da ta rage. Waɗannan magunguna aikin wannan sinadarin suke hanawa. Mai lafiya da ya ƙoshi da ruwa zai sha su ya wuce, amma ga wanda ya bushe, su ne ke ƙarasa rufe ƙofar. Idan zazzaɓi ko ciwon jiki ya matsa, farasitamol ya wadatar. Haka allurar gentamicin da ake yi barkatai, ita ma tana taruwa a ƙoda ta ji mata ciwo. Sai jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, waɗanda asibitocin Afirka suka daɗe da sanin suna cikin masu kawo tsayawar ƙoda. Garin neman gira a rasa ido.

Masu hawan jini da ciwon suga suna da tasu matsalar daban. Lisinopril da losartan da magungunan sa fitsari irin su Lasix da Moduretic, masu amfani ne a ranakun lafiya, amma a ranar amai da gudawa suna hana ƙoda kare kanta. Metformin kuma idan ƙoda ta gaza fitar da shi yana taruwa ya ƙara tsamin jini. A ƙasashe da dama ana koya wa masu shan su cewa su dakata na kwana ɗaya ko biyu idan irin wannan ciwo ya same su, su koma bayan sun fara ci da sha. Duk mai shan ɗaya daga ciki ya tambayi likitansa wannan tun yana lafiya. Dattijo kuma da gudawa ta kama a watan azumi, musamman in ya faɗo a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ya tuna addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Wani lokacin ma maganin da kansa ne gubar. A 2008 zuwa 2009 yara 84 suka rasu a Najeriya bayan shan maganin haƙori na My Pikin da ya gurɓata da sinadarin diethylene glycol, kuma ƙodarsu ce ta tsaya. A Gambiya a 2022 yara kusan 70 suka tafi ta wannan hanya. Da farko an zargi ƙwayar cutar ciki, kafin a gano wasu magungunan tari na ruwa ne da aka shigo da su daga Indiya. Mu da muke jingina kowace gudawar jariri ga fitar haƙori, muna ɗura masa duk abin da aka miƙo, wannan ya ishe mu gargaɗi.

Atini da ciwon da ke biyo bayansa

Akwai hanya ta biyu da ciwon ciki ke bi ya kai ga ƙoda, wadda ba ruwanta da bushewar jiki. Wasu nau'o'in ƙwayar E. coli, musamman wanda ake kira O157, da kuma nau'i mafi tsanani na ƙwayar Shigella mai kawo atini, suna fitar da wani dafi da ke ratsa hanji ya shiga jini. Dafin yana ƙona bangon ƙananan jijiyoyin da ke cikin matatun ƙoda, jini ya riƙa daskarewa ƙanana-ƙanana a wurin, jajayen ƙwayoyin jini su riƙa farfashewa yayin da suke kutsawa. Likitan yara Conrad Gasser ne ya bayyana ciwon a Suwizalan a 1955, a farkon shekarun 1980 kuma Mohamed Karmali da abokan aikinsa a Toronto suka danganta shi da dafin E. coli. A taƙaice HUS ake ce masa.

Yadda yake zuwa shi ne abin tsoron. Yaro ya yi ciwon ciki mai murɗa, gudawa ta koma jini, bayan kamar mako guda ta lafa. Ana murna sai a ga yaron ya ɗashe, tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat, ya yi laushi, fatar ido ta kumbura, fitsari ya ɗauke ko ya koma kalar shayi. Cikin yara goma da O157 ta kama, kusan ɗaya kan faɗa wannan hali, kuma 'yan ƙasa da shekara biyar da tsofaffi sun fi shiga haɗari. A Amurka a 1993, naman hambaga da bai dahu ba ya kwantar da mutum fiye da 700, yara huɗu suka rasu. A Jamus a 2011 wani sabon nau'in ya kama kusan mutum 4,000, fiye da 800 suka samu HUS, fiye da 50 suka mutu, kuma bincike ya fi karkata ga tsiron irin hulba da aka shigo da shi daga Masar ana ci ɗanye. Ƙasar da ke da injinan wankin ƙoda birjik ce, amma sai da asibitocin Hambug suka cika.

Wannan ya shafe mu domin a hanjin shanu ƙwayar O157 ke zama ba tare da ta cutar da su ba. Daga kashinsu take zuwa naman da aka feɗe a ƙasa a kwata, da madarar da ba a tafasa ba, da latas da kabejin da aka yi wa taki, da tafkin da mutum da dabba ke sha tare. Wuta tana kashe ta, muddin naman ya dahu har ciki. Abin lura kuma shi ne, a gudawar jini, maganin tsayar da zawo irin loperamide yana tsare dafin a ciki, wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma na iya sa E. coli ɗin ta ƙara sakin dafi, alhali atinin Shigella yana buƙatar maganin da ya dace da shi. Rarrabe waɗannan ba aikin mai kemis ba ne. Flagyl da kafso mai ja da rawaya da muke haɗiya da zarar ciki ya juya ba su ne amsar kowace gudawa ba.

Mu kuma muna cikin waɗanda suka fi yawan masu gudawar. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta lissafa fiye da mutum 110,000 da ake zaton kwalara ta kama a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ne a sahun gaba. Bayan ɓallewar madatsar Alau da ruwanta ya mamaye Maiduguri a Satumban 2024, ba a yi wata guda ba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar cutar. Alƙaluman irin wannan annoba suna ƙirga wanda ya kamu da wanda ya mutu. Wanda aka sallama daga sansanin jinya ya je gida ya kumbura bayan kwana huɗu, sau da yawa ba ya cikin lissafin kowa.

Ƙungiyar likitocin ƙoda ta duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 13 ke samun tsayawar ƙoda ta farat ɗaya a kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu tasowa. Wani nazari da Farfesa Wasiu Olowu na Ile-Ife ya jagoranta, wanda aka buga a 2016, ya tattara rahotannin asibitocin Afirka kudu da Sahara, ya gano cewa cikin waɗanda suka buƙaci wankin ƙoda ba su samu ba, kashi 73 cikin ɗari na yara da kashi 86 na manya sun rasu. Injinan suna manyan birane, a irin asibitin Malam Aminu Kano da na Shika da na koyarwa a Maiduguri da Sakkwato da Yamai. A 2025 gwamnatin tarayyar Najeriya ta sanar da rage kuɗin wanki ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Sauƙi ne, amma bai kai ga mutumin ƙauyen da kuɗin mota ma sai an sayar da akuya ba.

Akwai kuma wani abin da ke kashe mutane bayan rashin kuɗi, wato fid da rai. Da dangi sun ji an ce "wankin ƙoda", sai su tuna maƙwabcin da aka yi shekara ana kai shi sau biyu a mako har gona ta ƙare, shi ma ya tafi. Sai su ce a ba su mara lafiyarsu su koma gida. Amma ciwon ba ɗaya ba ne. Wancan ƙodarsa ta daɗe tana lalacewa a hankali, ba ta dawowa. Wanda gudawa ta tsayar wa ƙoda kuwa, galibi wanki kaɗan yake buƙata ya riƙe shi kafin tasa ta farfaɗo, daga nan ya rabu da injin. Yara ƙanana ma ana iya yi musu wankin ta cikin ciki, da roba da ruwa na musamman, ba tare da injin ba. Ya kamata likitoci su riƙa zaunar da dangi su fayyace musu wannan bambancin da harshen da suke ji, domin shawarar tafiya ko zama a kansa take ratayawa.

Abin da ake buƙata daga hukuma bai kai tsadar injin ba: ORS da ruwan jijiya wadatacce a kowace ƙaramar cibiyar lafiya kafin damina ta faɗi, na'urar auna kiriyatinin a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, da takardar rubuta fitsari a gefen kowane gado a sansanin kwalara. Rigakafin rota, wanda ke kare jarirai daga ƙwayar da ta fi kawo musu gudawa mai tsanani, ya shiga jerin rigakafin yara a Nijar tun 2014, a Najeriya kuma a 2022, kuma kyauta ake ɗiga shi.

Wanda kuma Allah ya tashi kafaɗunsa bayan ƙodarsa ta taɓu, kada ya ɗauka an gama. Ƙodar da ta taɓa tsayawa ta fi saurin sake tsayawa, kuma wasu a hankali take rikiɗe musu zuwa ciwo mai ɗorewa ko hawan jini, musamman yaran da suka yi HUS. A koma asibiti bayan wata uku a sake gwajin jini da na fitsari, a auna hawan jini, a nisanci magungunan ciwon jikin nan, kuma duk likitan da za a gani nan gaba a gaya masa tun kafin ya ɗauki biro cewa ƙodar ta taɓa samun matsala.